Wasiƙa daga Nima: maganar ƙwayayen lantarkin sabon gida

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya.

Na ji saƙonka cewa an gama wayarin, saura fenti da sa ƙwayaye, kuma kana so in cika maka kwali guda daga nan, don ka ji an ce kayan wutar Gana sun fi na gida aminci. Allah ya sanya alheri, ya sa a tare a sa'a. Ban mayar maka a waya ba saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma ba kai kaɗai ke da wannan zaton ba, kai ne na uku da ya yi mini irin wannan aike bana. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta ka miƙa wa duk mai bukata.

Shawarata kada in sayo. Ƙwan LED da ke kan teburi a Ankara, kamar yadda mutanen zango ke kiran Accra, da wanda ke Sabon Gari a Kano, yawancinsu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Daga China suka taso, wani ya sauka a tashar Tema, wani ya sauka a Legas. A nan akwai nagari akwai jabu, a can ma haka. In na ɗauko kwali na bi ta Aflao, Lome, Kwatano, Seme, na tsallake iyaka uku, sannan na hau motar Kano, kuɗin hanya ya cinye ribar, kuma duk wanda ya mutu ba ka da wurin mayar da shi. Abin da na samu a ƙasar nan wanda ya cancanci in aiko gida shi ne yadda mutane ke lissafin wuta, kuma wannan ba ya bukatar kwali.

A gidan haya na koye shi. Gidan da na fara sauka a unguwar Nima ta Ankara ɗaki 9 ne, mita ɗaya, irin wadda ake sa wa kuɗi kafin a sha. Ranar da kuɗin ya ƙare, wuta ta ɗauke wa kowa, da mai laifi da marar laifi. Yadda ake rabon kuɗin kuwa, ana bi ɗaki ɗaki ana ƙirga abin da kowa ya jona: ƙwai maki ɗaya, fanka nata, talabijin nata, firij ya fi kowa. Wata dattijuwa ce ke riƙe da littafin, duk gidan Mma muke ce mata. Ranar da na tare, kafin ta tambayi sunan garinmu sai da ta ɗaga kai ta dubi silin ɗina. Ta ce, "Ɗana, wannan ƙwai na shan wuta, ka canza shi kafin wata ya mutu." Tsohon ƙwai ne mai zafi da wanda ya tashi ya bari. A lokacin na ɗauka tsanani ne kawai. Daga baya na gane kan kowa take karewa, domin a nan mai shan yunit 30 zuwa ƙasa a wata yana da farashi mai rangwame, amma da zarar an haɗa ɗaki 9 a mita ɗaya an wuce wannan layin tun satin farko, kowane yunit sai a saye shi da tsada. Ƙwai ɗaya marar kyau a ɗakin wani, aljihun kowa yake taɓawa.

Wannan hali nasu yana da asali. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙwarai, wuta ta yi ƙaranci, sai gwamnatin Kufuor ta raba ƙwayaye miliyan 6 kyauta, irin farare masu lanƙwasa da muke kira masu tattalin wuta, ana karɓe tsofaffin masu zafi. Wannan kaɗai ya rage nauyin kusan megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta da daddare. A 2008 aka yi dokar hana shigo da ƙwai mai zare, wato tsohon mai zafi, da sayar da shi, a cikin dokar da ta hana shigo da firij da na'urar sanyaya ɗaki na gwanjo. A 2017 kuma aka fitar da ƙa'idar ingancin ƙwan LED. Hukumar makamashi ta ƙasar ce ke kula da wannan, ita ce mai takardar nan rawaya mai baƙaƙen taurari da za ka gani manne a jikin firij. Yawan taurari, ƙarancin shan wuta. Sun kuma ɗanɗana duhu a shekarun da suke kira dumso, wato kashe-kunna da yaren Tuwi, wanda ya fi tsanani a 2015. Har yau in wuta ta ɗauke sau biyu a sati za ka ji ana cewa dumso ya dawo, rediyo ya ɗauka. Da na faɗa wa maƙwabcina awa nawa mukan yi babu wuta a unguwarmu, shiru ya yi yana kallona.

Kada ka ɗauka doka ta share kasuwa tas. Ni kaina na sayi guda 4 a hannun wani yaro mai talla a cunkoson mota, sidi 10 kowanne a kuɗin Gana, an rubuta wat 18 a kwalin da manyan baƙaƙe. Cikin wata biyu, guda uku sun mutu, na huɗun ya koma ƙyafta ido kamar mai jin barci. Abin ya dame ni, domin kuɗin guminka ne, kuma yaron ma bai san abin da aka ba shi ya sayar ba.

Da ragowar na tafi Opera Square, can tsakiyar gari kusa da Makola, inda shagunan kayan wuta suke jere kamar Faransa Rod ɗinmu. Wani dattijo mai gyaran wuta, haifaffen Sabon Zango, wanda ya ce kakansa fataucin goro ne ya kawo shi ƙasar nan, shi ya zaunar da ni a benci. Ya karɓi mataccen nawa, ya ɗauko wani sabo daga cikin nasa, ya ɗora mini su a tafin hannu, ɗaya dama ɗaya hagu. Nawa kamar ɓawon gyaɗa, nasa da ɗan nauyi. Sai ya sa bakin sukundireba ya ɓalle farar hular kowanne. A cikin nawa, ƙananan idanun nan rawaya suna kan wani siririn faranti, ɗaya ya yi baƙin ɗigo a tsakiya, a bayansa kuma roba ce zalla. A cikin nasa, an shimfiɗe jikin da gorar ruwa, wato alminiyam, akwai ɗan allon da ke tace wuta da kayansa cikakku. Ya ce, "Ɗana, ƙwan nan ba ya ƙona hannu, amma yana zafi a gindi. In zafin bai samu hanyar fita ba, shi ke cin shi. Idanun a jere suke kamar sahun salla, ɗaya ya faɗi, duka sun mutu." Na ce, "Baba, to wat 18 ɗin fa?" Ya jona na huɗun a wata 'yar na'urar awo, ya juyo mini da fuskarta. Ko rabin abin da aka rubuta bai kai ba.

Shi ya koya mini in daina tambayar wat. Wat awon abin da ƙwai ke sha ne, hasken da yake bayarwa kuwa da lumen ake auna shi, a kwali za ka ga lamba da lm a gefenta. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan LED nagari yana ba da wannan da wat 9. To ka raba lumen da wat: in ka samu kusan 90 zuwa 100 ko fiye, kana kan hanya. Kwalin da bai rubuta lumen ba sam, ajiye musu kayansu.

Ga lissafin da nake so ka yi da biro. Ƙwai mai wat 60, awa 6 kullum, yunit 10.8 ne a wata. Mai wat 9, yunit 1.62. Gidanka in na ƙirga ɗakuna da tsakar gida da zaure da bayi ba zai gaza ƙwai 10 ba, wato yunit 108 a gefe ɗaya, 16 da ɗoriya a ɗaya gefen. Da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanar wa 'yan rukunin A na masu shan wuta a Najeriya a Afrilun 2024, tazarar ta haura naira 20,000 a wata. Ko ba a rukunin kake ba, ranar da ka koma kan janareta ko batirin sola za ka ga amfaninsa, don duk ƙwayayen gidan wat 90 ne kacal.

Sai launi, wanda mutanenmu ba su cika kula da shi ba, ni kuma na ɗauke shi da muhimmanci. Akwai wata lamba mai K a ƙarshe. 6500K shi ne farin nan fat mai ɗan shuɗi, wanda ya cika kasuwa nan da can. Ya dace da kicin, shago, zaure da ƙofar gida. Amma a ɗakin kwana yana gajiyar da ido, yana kore barci. 3000K yana da ɗan ja-ja kamar hasken fitilar ƙwai da muka yi karatun dare da ita, 4000K kuma tsaka-tsaki. Don Allah ɗakin Hajiya ka sa mata kala biyu a makunni daban: fari mai ƙarfi a saitin inda take zama da Alƙur'ani, mai laushi kuma na bayan isha'i. Idonta ba kamar da ba ne, kuma ka san ba za ta yi ƙorafi ba.

Sauran 'yan abubuwa ne. Ka duba holdar da mai wayarin ya sa, mai murɗawa ce ko mai fil biyu, kafin ka tafi kasuwa. Ƙarfin wutar Gana da ta Najeriya ɗaya ne a takarda, bolt 230, amma tamu takan zo a raunane, don haka ka nemi ƙwan da aka rubuta yana ɗaukar tazara mai faɗi, irin 85 zuwa 265. In an kunna maka a shago, buɗe kyamarar wayarka ka saita shi; in ka ga baƙaƙen layuka suna gudu, yana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa, kada ka kai shi ɗakin da yara ke karatu. Kuma in za a yi silin mai ado, kada a cusa ƙwai a ramin da iska ba ta shiga, musamman da zafin Afrilu na Kano. Awa 15,000 ko 25,000 da suke rubutawa, ba a cikin tanda aka auna ba.

Ta wajen ciniki, abin da ya burge ni a nan shi ne rasit. A manyan kantuna irin Melcom farashi a manne yake, ba tayi ba ragi, ka biya a ba ka takarda. A Opera Square ana ciniki kamar gida, kuma in za ka ɗauki dozin farashi na sauka sosai. Baban nan sidi 25 ya sayar mini da kowanne, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta kwanan wata a gindin kowanne, ya ce wanda ya mutu kafin shekara in kawo. Yau shekara biyu da wata biyar, rubutunsa na nan, ban koma da ko ɗaya ba. Guda 4 na sidi 10 da na fara saya, sidi 40 ne suka tafi cikin wata biyu. Kuɗin wutar ma daga waya nake sawa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba na zuwa layi.

Amma in faɗi gaskiya, akwai inda Kano ta yi wa Ankara nisa. Ƙwai mai caji wanda ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta, ƙananan ƙwayaye masu aiki da batir kai tsaye, fitilun sola na tsakar gida, duk waɗannan sun fi yawa a gida, iri-iri, kuma yaran kasuwarmu sun fi sanin cikinsu, don bukata ce ta koya musu. Na nemi mai caji nagari a nan na sha yawo, a Kano kuwa ko mai teburin bakin titi zai jera maka kala biyar. Ka sa guda biyu ko uku, a bayi da hanyar ɗakin Hajiya da zaure. Sai dai batirin cikinsa yakan riga ƙwan mutuwa, kuma zafi na rage masa kwana, don haka kada ka cika gidan da su.

Ka kuma yi mini zancen ko ƙanin matarka zai zo ya buɗe shagon kayan wuta a nan. A yi hattara. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa, baƙo mai son kasuwancin saye da sayarwa kuma an gindaya masa jarin dala miliyan 1. A kan wannan an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Ankara da Kumashi. Kada ya sayar da abin hannunsa ya taso sai mun yi magana.

Abin da za a yi, in ka shiga kasuwa ka sayi guda biyu kawai tukuna, daga shago mai ƙofa wanda gobe za ka same shi a wurin. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya ka turo mini, in kai wa Baba ya duba. In sun yi, sai ka koma ka ɗauki dozin, ka sa mai shagon ya rubuta kwanan wata a gindinsu kamar yadda aka yi mini. Kuɗin da na ware na kwalin zan turo maka ranar Juma'a in Allah ya kai mu, a ƙara a sayi na ɗakin Hajiya da shi.

A gaishe ta da kyau, a ce mata man kaɗen da ta yi saƙo yana hannuna, sai an samu mai tahowa. A shafa mini kan yara.

Ƙaninka, daga Nima.