Monitan Ƙasa Ko Na Kunne: Wanne Mawaƙi Zai Saya?

Akwai wani yaro da nake haɗa wa sauti a Zoo Road, Kano, murya kamar sarewa. Ranar da wani gidan talabijin ya gayyace shi waƙa kai tsaye, kafin ya iso gida mutanen Facebook sun yanke masa hukunci, wai ashe duk aikin Auto-Tune ne, manhajar nan mai gyara murya a situdiyo. Ni da nake tsaye bayan kyamara na ga abin da ya faru. Lasifikar da ke ba shi kiɗa tana can jikin bango, mai ganga na dukan fata a bayansa, shi ko muryarsa ba ya ji. Lalube kawai yake. Masu kallo a gida kuwa muryar ce tsirara ke zuwa musu daga makirufo, babu amon ɗaki da zai rufa masa asiri. Abin ba a kanmu ya fara ba: daren shiga 2017 a dandalin Times Square na New York, mawaƙiyar Amurka Mariah Carey ta kasa ci gaba da waƙa, daga baya mutanenta suka ce na'urar kunnenta ce ta ƙi aiki.

Don haka kafin ka ƙara kuɗi kan makirufo, fara sayen abin da za ka ji kanka da shi.

Wanda aka fi sabawa da shi monitan ƙasa ne, lasifikar nan da ake kwantarwa a gaban mawaƙi. Amfaninta shi ne guda ɗaya ta ishe ka da 'yan amshinka biyu ko uku. Amma sai ta kasance kusa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, lasifikar da ke mita 10 daga gare ka kiɗanta a makare zai iso, kana bin sa a baya ba ka sani ba. In kuma ka ce a ƙara mata ƙarfi, makirufo ya kwashi sautin, lasifikar ta fara shewa. Shi ya sa injiniyoyin talabijin suke rage ta har ta zama kwalliya. Ga nauyi, sai ka ɗauki shatar adaidaita.

Monitan kunne, wanda ke kawo maka sautin kai tsaye cikin kunnenka, iri biyu ne. Mai waya, irin Behringer P2, ɗan ƙaramin abu ne da ake maƙalewa a ƙugu, batir AAA biyu yake ci, waya ta taho daga mikisa, na'urar da injiniya ke haɗa muryoyi da kiɗa a cikinta. Ka haɗa shi da iyafis mai toshe kunne sosai kamar Shure SE215. Ba jinkiri, ba yankewa, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Aibinsa ɗaya, an ɗaure ka kamar akuya a turke. Ga mai yabo ko mai waƙa a tsaye wuri guda, wannan nake cewa a fara da shi.

Marar waya na mai rawa ne da zagaya fili. Sennheiser EW IEM G4 da Shure PSM 300 suna aiki a zangon rediyo na UHF, ba su cika ba da kunya ba, sai dai kuɗinsu na sa mutum ya zauna. Xvive U4 ya fi araha, amma a 2.4 GHz yake, layi ɗaya da Wi-Fi. A ɗakin biki cike da wayoyi yana iya tsinkewa daidai lokacin da amarya ta shigo. Na Bluetooth da ake sayarwa a Farm Centre kuwa, bar shi don jin waƙa a hanya. Jinkirinsa sai ya sa ka ji muryarka bayan ka rufe baki.

In ka shiga Sabon Gari, kada ka saya a kwali, jabu sun yi yawa. A jona maka da mikisa, ka yi baiti ɗaya da bakinka, in marar waya ne ka taka har ƙofar shago ka ji ko zai yanke. Nemi soson kunne maimakon roba, don gumin watan Afrilu zamar da roba yake. Kada ka saba cire kunne ɗaya, ƙara ƙarfi za ka yi ka cuci ɗayan.

Kuma kafin ranar shiri, kira injiniyan gidan ka ce, “Oga, akwai layin da za a ware mini a mikisa?” Yaron nan namu P2 ya saya, yanzu da wayarsa mai mita 10 a jaka yake zuwa.