Inshorar lafiya: abin da mace za ta duba kafin ta sa hannu

Mata da yawa ba su da katin inshora na kansu, sunansu na ƙarƙashin na maigida ne, a tsarin da wurin aikinsa ya yi masa. Wannan ya fi kowanne sauƙi a aljihu, tunda wurin aikin na ɗaukar wani kaso. Sai dai ranar da aikin ya ƙare, ko aure ya mutu, ko rai ya yi halinsa, katin ma ya tafi. In kina da hali, ki samu wadda take da sunanki.

Ta gwamnati ba ta da tsada, kuma yawanci ba ta korar mai tsohon ciwo, amma akwai layi, akwai kuma "babu wannan maganin, je ki saya a waje". Ta kamfani ta fi sauri da yawan asibitoci, a nan kuma tarkon yake. Mai gudun inshorar da aka saba saboda addini tana iya neman takaful, inda ake tara kuɗin a matsayin taimakon juna.

Ni a takardar sharuɗɗan inshora, shafin haihuwa nake fara buɗewa. Kamfanoni da yawa ba sa biyan kuɗin haihuwa sai an yi wata 9 zuwa 12 da shiga, wato wadda ta saya da ciki a jikinta ta makara. Ki tambaya ko awo nawa za su biya, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. In haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi aiki fa? Wasu sun sa wa tiyata iyakar kuɗin da ba ta kai rabin abin da asibiti zai nema ba. Jariri kuma, in bakwaini ne aka sa shi a kwalba, yana cikin katin uwa tun ranar farko ko sai an yi masa rajista? A rubuta miki amsar, maganar baki ta dillali ba ta biyan kuɗin gado.

Sai ki duba ko suna biyan gwajin sankarar bakin mahaifa, wanda ake so a fara daga shekara 30, da na mama, da aikin cire ƙarin mahaifa. Mai hawan jini ko ciwon suga ta faɗa tun farko, ɓoyewa na iya sa a ƙi biya ranar da ake buƙata.

Jinya kuwa, wadda galibi a kan mace take faɗawa, kusan babu tsarin da ke tunawa da ita. Na iyali yawanci miji da mata da 'ya'ya ne, iyaye sai an saya musu daban, wasu kamfanonin ma ba sa karɓar wanda ya haura 60 ko 65. Ma'aikaciyar jinya a gida, keken guragu, kwanakin da kika bar sana'arki kina zaune a bakin gado, duk daga jakarki za su fito. Saboda haka in tsari biyu suka zo kusan ɗaya, ki ɗauki mai rahusar, rarar ki ajiye ta domin jinyar tsofaffi.