Schlitterbahn ko Noah's Ark, wanne za a kai yara hutun nan?

Hajiya na ga tambayarki tun jiya, kin ce yara sun tasa ki gaba sai an kai su wurin wasan ruwa kafin a koma makaranta, an kuma ambata miki guda biyu, Schlitterbahn na Teksas da Noah's Ark na Wiskonsin, ga ki da ƴan ƙanana biyu da babba mai shekara sha huɗu, kuma kakarsu za ta bi ku. To amsata a taƙaice Schlitterbahn, amma bari na faɗa miki dalili dan kar ki ce son kai ne.

Abin mamaki duk biyun a 1979 aka buɗe su, duk kuma iyali ne suka fara, ba wani babban kamfani ba. Na Teksas iyalin Henry ne, Bob da matarsa Billye, dama suna da ɗan masaukin baƙi a bakin kogin Comal a garin New Braunfels, tsakanin San Antonio da Austin. Garin Jamusawa ne suka kafa shi a 1845, shi ya sa da suka tashi gina wurin sai suka yi hasumiya irin ta wata tsohuwar fada da ke Braunfels can Jamus, suka saƙalo mata zamiya guda huɗu, suka jawo ruwan kogi da famfo, shi ke nan fa aka fara. Na Wiskonsin kuma iyalin Waterman ne a garin Wisconsin Dells, su da ƴan jiragen ruwa na karo da juna suka fara, zamiya daga baya ta zo, aka yi ta ƙari har ya kai eka 70, yanzu suna kiran kansu wurin wasan ruwa mafi girma a Amurka.

Inda suka rabu shi ne ruwan kansa, kuma nan ne ni hankalina ya fi tsayawa. Tsohon ɓangaren Schlitterbahn ruwan Comal ne ke gudu a ciki, daga idon ruwa yake ɓulɓulowa, sanyinsa kusan digiri 22 ne rani da damina, yana shiga ta sama ya bi ta hanyoyin ya koma kogi abinsa. Ba warin kulorin, ido ba ya ja. Kin san yadda ruwan randa yake da tsakar rana, to haka za ki ji shi a jiki lokacin da garin ke ci da wuta, dan Yuli da Agusta a Teksas zafi na haura digiri 35 cikin sauƙi. Ga manyan bishiyoyi sun yi rumfa a kan hanyar ruwan, mutum ya zauna cikin tub ɗin iska ruwa ya yi ta tafiya da shi, wani wuri a hankali, wani wuri ya fizge ki ya juya ki baya, sai ki tarar kun cunkushe a wata kwana da mutane tub na gogar tub kowa na dariya har ma'aikaci ya zo ya tura ku ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ba garau yake kamar na kwamin wanka ba, yana da ɗan kore, ƙasan kuma wani wuri da santsi, dan haka ki sa wa yara takalmin ruwa. Amma wallahi wannan ɓangaren shi ne abin da ba za ki samu a ɗayan ba.

Noah's Ark shi ginanne ne kacokan, siminti da roba da ruwa mai magani, fili shimfiɗe, komai a gabanki. Ba laifi ba ne, hasali ma ga uwa mai sa ido kan yara ya fi sauƙin ganewa, ƙofa ɗaya kika shiga kin gama, ba kamar na Teksas ba da ya rabu gida biyu, tsohon ɓangare daban, sabbin wato Surfenburg da Blastenhoff daban, sai kun hau motarsu ta kai ku. Wannan jigilar da jiƙaƙƙun yara da tawul da jaka da tsohuwa, gaskiya akwai gajiya, dole na faɗa.

Babban yaronki na san abin da yake nema, masu tsinka zuciya. A nan Noah's Ark ba kanwar lasa ba ne. Akwai Scorpion's Tail da aka buɗe a 2010, mutum zai shiga wani akwati ya tsaya, a ƙirga, ƙasan ya buɗe ya faɗa tsaye sannan bututun ya murɗa shi zagaye. Akwai Black Anaconda na 2005 mai hawa da gangara, akwai Raja na 2018 da aka yi da siffar kumurci, tub biyu na tsere gefe da gefe su ƙare a bakin macijin. Ga tafkunan igiyar ruwa guda biyu da rafukan shawagi guda biyu. Saurayi zai wuni a can bai nemi kowa ba.

Sai dai ita fasahar da ke tura mutum sama da ƙarfin ruwa, wadda yanzu ko'ina ake yi, a Schlitterbahn aka fara ta. Dragon Blaster a 1994, sannan Master Blaster a 1996, wanda ake hawa bene shida kafin a sako ki, ruwa na feso tub ɗin daga baya yana haurar da shi tudu. Boogie Bahn ma, igiyar ruwa ta roba da ake hawa da ɗan allo a kwance, nan aka fara sa wa jama'a irinta a 1991. Mujallar Amusement Today ta yi shekara fiye da 20 a jere tana ba su lambar wurin wasan ruwa mafi kyau. Matsalar Master Blaster ɗaya ce, layi. Idan ba da sassafe kuka nufe shi ba to ku shirya tsayuwa mai tsawo a rana.

Wata ƴar uwa ta kawo maganar haɗarin da ya faru, gara a fayyace. A 2016 wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a kan zamiyar Verrückt, amma a reshen Schlitterbahn na Kansas City ne, ba New Braunfels ba, an rushe zamiyar, reshen ma ya rufe bayan kakar 2018. A 2019 iyalin Henry suka sayar da na New Braunfels da na Galveston ga kamfanin Cedar Fair, wanda ya haɗe da kamfanin Six Flags a 2024. Noah's Ark ma ya bar hannun masu shi na gida tun 2012 da kamfanin Palace Entertainment suka saya. Ko wanne kuka je, dokar tsayi ba wasa ba ce, da yawa daga manyan sai yaro ya kai inci 48, kar a roƙi ma'aikaci ya ɗaga ƙafa, kuma ƙananan a sa musu rigar ceto ko da sun ce sun iya iyo. Allah ya tsare mana su.

Lokacin buɗewa ki lura sosai dan duk biyun ba sa aiki duk shekara. Noah's Ark gajeren zango gare shi, ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, kuma Wiskonsin farkon Yuni iska na iya kaɗawa yaro ya fito daga ruwa haƙora na karo. Abin da ya cece su garin cike yake da wuraren wasan ruwa na cikin gini irin su Kalahari, idan hadari ya haɗo akwai mafita. Schlitterbahn ya fi daɗewa a buɗe, tun bazara har Satumba, ko da yake farko da ƙarshen zangon yawanci ƙarshen mako kawai suke yi.

Abinci kuma, mu da ba komai muke ci ba. Schlitterbahn sun yi suna wajen barin mutane su shigo da kularsu, banda kwalba da giya, ga teburan zama a inuwa, kin ga Hajiya babba ta samu wuri ta shimfiɗa darduma, dambun nama da shinkafa na gefe, tana kallon jikoki. Ki duba shafinsu kafin ku tashi dan tun da aka canza hannu dokoki na motsi. Sutura ma haka, ki nemi kayan iyo na Musulmai masu rufe jiki waɗanda ba su da zif na ƙarfe ko yadi mai jan ƙasa, doguwar riga ta auduga in ta sha ruwa nauyi take yi kuma a zamiya za a iya hana ki hawa.

Abu ɗaya ne zai sa na canza magana, nisa. In kuna wajajen Shikago, Dells tafiyar awa uku ce a mota, ba dalilin kashe kuɗin jirgi na mutum biyar ko shida, ku je Noah's Ark a tsakiyar Yuli ranar aiki. In kuna Houston ko Dallas, ko dama kuna da niyyar ziyarar dangi a Teksas, to Schlitterbahn, ku ba shi kwana biyu, rana ɗaya ta babban yaro a sabon ɓangare tun buɗe ƙofa, rana ɗaya ta ƙananan da kakarsu a bakin Comal.