Ka ƙara wa manhajar shagonka ɗaki, ko ka gina wata a gefe?

Wannan tambaya ba ta tasowa sai kasuwa ta buɗe. Ɗauki dillalin taki da iri a Sabon Garin Zariya, wanda ya shekara biyu yana lissafin kaya da kuɗi a manhajar kasuwanci irin Odoo ko ERPNext. Komai na tafiya daidai har ranar da ya fara ba manoman Giwa da Soba taki bashi da damina, su biya da buhunan masara da kaka. Manhajar ta san naira, ta san rasit, amma wannan ciniki baƙo ne a wurinta. Wani masani zai ce a ƙara mata reshe, wani ya ce a yi wa yaran da ke zagaya ƙauyuka tasu a waya.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka tabbata matsalar ba ta saiti ba ce. Awon tiya da buhu, ko harajin VAT na kashi 7.5 da ake karɓa tun Fabrairun 2020, duk ana shigar da su ba tare da an rubuta sabon abu ba. Kada a caje ka kuɗin gini a kan ɗaura labule.

Amfanin ƙari a cikin babbar manhaja shi ne littafi ɗaya. Buhun da ya fita daga sito ya ragu a lissafi nan take, bashin ya hau kan mai shi, akanta bai sake kwafar komai ba. Wahalar tana gaba. Kamfanin Odoo, da ke ƙasar Beljiyam, yana fitar da sabon salo duk shekara, kuma uku na baya-bayan nan yake kula da su. Duk reshen da ka maƙala, sai an sake duba shi ranar sabuntawa, wani lokaci a warware a ɗinke. Shi ya sa wasu ke maƙalewa a tsohon salo don tsoron taɓa shi. Sannan tsarinsu na Odoo Online, wanda kamfanin ke riƙe maka manhajar a intanet, ba ya karɓar reshen da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, sai ka koma wani tsarin nasu mai suna Odoo.sh ko sabar kanka, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai. A Enterprise kuwa, wato Odoo na biya, kowane ma'aikacin da zai yi amfani da manhajar kuɗinsa ake biya, to ka ƙirga yaranka tukuna.

Manhaja ta daban tana da nata daɗin. Za a iya yin ta da Hausa, maɓallai uku ko huɗu, ta riƙe bayanai a waya inda babu sabis, ta tura idan yaro ya dawo Samaru ko Kwangila. Sai dai ka zama mai littafi biyu, dole a haɗa su da wata gada da masu sana'ar ke kira API, kuma ka tambaya ko tsarin da kake biya ya ba ka damar amfani da ita. Ranar da gadar ta tsinke, waya za ta ce Malam wane ya biya, kwamfuta ta ce ana bin sa. A gaban manomi, kai ne za ka ji kunya.

Ni dai ga inda na tsaya: duk abin da ya shafi kuɗi, bashi da kayan sito, ya zauna a babbar manhaja. Ta gefe ta tsaya ga tattaro bayani daga gona, kada ta riƙe nata lissafin.

Saura batun wanda zai yi aikin. Zariya ba ta rasa haziƙan matasa daga Jami'ar Ahmadu Bello, kuma farashinsu da sauƙi. Amma ɗalibi yana gamawa, bautar ƙasa ta jefa shi wata jiha. Ƙari a kan sananniyar manhaja, wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Abin da mutum ɗaya ya ƙirƙira shi kaɗai, sau da yawa da shi yake tafiya. Don haka a rubuta yarjejeniya: asalin rubutun manhajar naka ne, saba da lambobin sirri da sunan kasuwancinka za a buɗe su, a kuma faɗi kuɗin gyara na shekara. Tunda sunaye da lambobin wayar manoma za ka tara, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka, saboda haka a sa a takardar wa ke da izinin ganinsu, da inda ake ajiye kwafi.