Abin da ya kamata ka saya don goge tsohon kaset ɗin gem a Legas

A ƙarshen daminar bara yayana ya kira ni gidansa a Agege, ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado ya ce, "Ƙanena, duba mini waɗannan, yara na son su ga abin da muka yi wasa da shi." Kaset ɗin gem ne guda ashirin da biyu: na Sega Mega Drive, na Super Nintendo, 'yan ƙananan Game Boy, da irin masu ruwan ɗorawar nan da ake rubuta wa wasa 9999 a cikin ɗaya. Na ɗauki guda na haska bakinsa da fitilar waya. Haƙoran da ya kamata a ce suna ƙyallin zinare sun yi duhu, biyu na gefe har sun fara kore. Jakar kuwa warin rima kawai take.

Tun daga ranar nake yawo tsakanin Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba ina sayen kayan gogewa ina gwadawa, kuma na ga inda kuɗi ke amfani da inda suke ɓata kaya.

Kafin a je kasuwa, a san abin da ake son gogewa. Cikin kaset ba komai sai ɗan fanel mai ɗauke da cif ɗin da wasan ke ciki, sai layin haƙora a bakinsa. Cif ɗin da wuya ya mutu. Haƙoran ne ke ba da wahala, kuma suna da yawa: 60 a kaset ɗin Famicom, injin gem na Nintendo da ya fito a Japan a 1983, 72 a na NES, wato samfurinsa da aka sayar a wajen Japan, 64 a na Mega Drive, 32 a na Game Boy na 1989. Guda ɗaya ya ƙi haɗuwa da injin, sai ka ga hoto ya wargaje ko talabijin ta yi baƙi ƙirin. Haƙoran jan ƙarfe ne da aka yi wa fatar zinare siririya ƙwarai, ita ce ke hana su tsatsa. Idan ta tafi ta tafi ke nan, babu mai gyaran da zai maido maka da ita a bakin titi. A Kano ko Katsina abin da ke damun kaset ƙura ce, ita kuwa ana share ta. A Legas danshi ne, wanda a damina yakan haura kashi 80 cikin 100, ga iskar teku mai gishiri ga waɗanda ke zaune wajen Obalende ko Ajah. Don haka duk abin da za ka saya, ka yi masa tambaya biyu: zai ci zinaren? Zai bar ruwa a baya?

Wannan tambaya ta biyu ita ta kashe hurawar da muka taso da ita. Duk mun hura kaset, kuma sau da yawa ya tashi, amma ba iskar bakin ce ta gyara shi ba, cirewa da mayarwar ne suka sa haƙoran suka sake zama daidai. Numfashi tururi ne da yawu, kuma su ne ke zama wannan koren bayan shekaru.

Ruwan da na fi yarda da shi shi ne aisofurofil, wanda masu gyaran waya ke kira IPA, kuma haka za ka gani a jikin kwalbar. Yana narkar da maiƙon hannu da datti, ya bushe nan take, ba ya taɓa zinare. Amma yana da daraja-daraja. Mai kashi 70 na asibiti ne, saboda ragowar kashi 30 ruwa ne zalla. Yana da kyau wurin kashe ƙwayar cuta, amma a iskar Legas yakan daɗe bai bushe ba, ya maƙale a ƙarƙashin roba. Mai kashi 91 ya wadatar. Mai kashi 99 ya fi, kuma bambancin kuɗinsu bai kai a tsaya ciniki a kansa ba. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan aikin gyaran waya a Ikeja, da wurin masu sinadarai a Ojota idan mai yawa kake so, ko da yake ƙaramar kwalba ɗaya za ta goge kaset fiye da waɗanda kake da su.

Matsalarsa ɗaya ce a kasuwa: ana ɗura shi a kwalabe marasa suna, kuma ido ba ya gane wanda aka yi wa algus. Na taɓa saye a wani shago aka rantse mini mai 99 ne, na zo gida na tarar ya fi kama da ruwan famfo mai wari. Yanzu ina tafiya da ɗan madubi. Na ɗiga masa ɗigo ɗaya in hura da takarda. Na gaske zai ɓace cikin ɗan lokaci bai bar komai ba, na algus zai bar tabo ko 'yan ƙwayoyin ruwa. A kuma tuna yana kama wuta, kada a buɗe shi kusa da risho ko kyandir idan an ɗauke wuta.

Sifirit na kyamis shi ne wanda kowa ke fara miƙa hannu gare shi don yana kusa kuma yana da araha. Idan ba ka da wani, kuma fari ne tas, zai yi maka aikin gaggawa. Sai dai ba ka san yawan ruwan da ke cikinsa ba, wani ma an sa masa launi ko ƙamshi da ke zama a kan haƙoran. Ni ba na sa shi a kan kaset ɗin da nake ji da shi.

Akwai kuma na feshi, wato gwangwanin da aka yi musamman don haƙoran kayan lantarki. Wanda masu tara tsoffin gem suka fi ambata shi ne DeoxIT D5, don yana sassauta duhun da ya kama ƙarfe ya kuma bar ɗan abin kariya a kai. A gari mai danshi wannan kariyar ba ƙaramin abu ba ce. Amma daga waje ake kawo shi, yana da tsada, ba kowane shago ke da shi ba, kuma ga kaset ɗin da datti ne kawai ya dame shi ba zai yi abin da IPA bai yi ba. In kasetanka sun yi yawa, ko wasu sun yi duhu sosai, ya cancanci kuɗinsa. A kula da WD-40: kamfanin yana da gwangwani daban na goge haƙoran lantarki, wannan babu laifi, amma shuɗin nan da makanikai ke fesa wa noti mai ne yake bari, man kuwa ƙura yake tarawa. A karanta jikin gwangwanin da kyau, kada a sayi suna kawai.

Tina, fetur, kananzir da ruwan goge jan farce duk a bar su inda suke. Robar kaset ba ta jure su. Tina da ruwan farce ma narkar da ita suke yi, su bar farin tabon da ba ya fita. Wanda ya juya bayan kaset ɗin NES zai ga gargaɗin da Nintendo ta rubuta game da tina da makamantansa, har da barasa. Shi ya sa ko IPA ɗin ma a kan haƙora kawai nake sa shi. Ba ya zuwa kusa da takardar sunan wasan, don yana ɗaukar tawada, kuma kaset ɗin da takardarsa ta lalace darajarsa ta faɗi ko da yana aiki.

Wanda na fi son in ja kunne a kansa shi ne man goge tagulla, irin wanda ake goge kan bel da kofuna da shi. Yana ruɗar mutane don aikinsa a ido yake: ka shafa, auduga ta yi baƙi, haƙora su yi ƙyalli, kaset ya tashi. Na yi wa wani kaset ɗin Mega Drive haka, na ji daɗi ƙwarai. Bayan wata biyu haƙoran suka yi duhun da ya fi na farko. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, ya sa gilashinsa, ya juya fanel ɗin a hasken ƙofa ya ce, "Yaro, wannan baƙin da ka gani a auduga ba datti ba ne duka, har da zinarenka a ciki." Na ce, "Baba, to yanzu fa?" Ya ce sai dai in riƙa gogewa a kai a kai, tunda rigarsa ta riga ta tafi. Man yana da ɗan yashi mai laushi a cikinsa, da shi yake kankare ƙarfe. Hukuncin samfefa ma ke nan, ko wadda ta fi kowace laushi. Alƙalamin nan mai bakin zaren gilashi da masu gyara ke kankare fanel da shi yana da wurinsa, amma sai a haƙorin da kore ya riga ya ci, inda babu sauran zinaren da za a tausaya wa.

Tsakanin laushin IPA da kaifin samfefa akwai wani abu da kuɗinsa bai kai na ruwan leda biyar ba a da, wato farar kilina ta goge fensir. Fara mai laushi, ba mai launi biyun nan da gefenta ɗaya ke goge biro ba, wannan tana da yashi. Kilina tana ɗauke duhun da auduga ta kasa, a hankali, ana bin haƙoran daga sama zuwa ƙasa, sannan a share ɓurɓushinta a bi da IPA. Sai dai ba ta shiga bakin kaset, dole a buɗe shi.

Nan ne sukundireba ya shigo, kuma a ganina bayan IPA shi ne abin da ya fi cancantar kuɗinka. Kusoshin kaset ba irin na gida ba ne, kansu kamar 'yar tauraruwa yake. Ana kiran makullinsu Gamebit, kuma girma biyu ne: mai milimita 3.8 yana buɗe kaset ɗin Super Nintendo, Nintendo 64, Game Boy da yawancin na NES, mai 4.5 kuma yana buɗe mafi yawan na Mega Drive da jikin wasu injinan kansu. Na Game Boy Advance kusarsa mai fiffike uku ce, irin wadda ke cikin akwatin kayan aikin masu gyaran waya. A sayi biyun tare, a kuma duba haƙoran cikin bakin. Mai taushin ƙarfe yana sulɓewa ya cinye kan kusar, daga nan sai an fasa. Wasu na ƙona gindin biro su danna a kan kusar don ya ɗauki siffarta. Yakan yi sau ɗaya ko biyu, amma ban ga dalilin kusantar da wuta ga robar da ta shekara talatin ba.

Masu ruwan ɗorawar nan na 9999 yawancinsu ba su da kusa, maƙale su aka yi, kuma 'yan kunnuwan na karyewa da zarar an ɓanɓare. A goge su ta waje da audugar kunne kawai. Cikinsu ma ba abin gyara: cif ɗin a ƙarƙashin wani baƙin ɗigo kamar kwalta yake, in ya mutu ya mutu.

Da ka buɗe wasu kaset za ka tarar da batir mai kama da kwabo. Shi ke riƙe inda ka tsaya a wasa. Na NES, Super Nintendo da Mega Drive galibi CR2032 ne, na Game Boy kuma CR1616 ko CR2025. Lambar girmansa take faɗa, 2032 na nufin faɗin milimita 20 da kaurin 3.2, don haka a sayi daidai abin da ke rubuce a jikin tsohon. Dukkansu bolt 3 ne, mita za ta nuna maka idan ya yi ƙasa. Wasannin da ke da agogo a ciki, irin Pokémon Gold da Silver, sun fi saurin shanye shi. Zaɓi biyu ne a nan. Akwai batir mai 'yan ƙafafu da aka riga aka manna masa, sai a like ƙafafun da dalma kamar yadda kamfani ya yi. Akwai kuma gidan batir da ake likewa sau ɗaya, daga baya a riƙa canzawa da hannu. Yana da daɗi a manyan kaset, amma a na Game Boy wuri ya yi kaɗan. Abin da ba a yi shi ne ɗora ƙarfen sodarin kai tsaye a jikin batirin agogo, zafi na iya fasa shi. Manna shi da salatif kuma yana sakewa. Wanda bai iya sodarin ba ya kai wa mai gyaran waya, aikin minti kaɗan ne. A sani tun farko cewa da an cire tsohon batirin, abin da aka ajiye a wasan ya tafi.

Robar da ta koma ruwan ɗorawa don tsufa, irin ta Super Nintendo, wasu na maido mata da launinta na asali da sinadari da rana. Ba ya ƙara wa wasan komai, launin ɗorawar yakan sake dawowa, ni ban sa kuɗina a nan ba.

Inda na sa su shi ne wurin ajiya, don gogewar da aka yi yau damina ɗaya ta isa ta rushe ta. Kwali yana shan danshi, kyankyaso na son takardar jikin kaset. Leda mai zif tana da kyau, amma idan ka rufe ta ranar da ake ruwa ka rufe danshin ne a ciki. Abin da ya fi shi ne robar abinci mai murfin da ke kamawa da zoben roba, a jefa 'yan ƙullin silika a ciki, irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi. Akwai silika mai canza launi idan ta ƙoshi da ruwa, ita ta fi, don za ka san lokacin busar da ita. A ɗora robar a kan kanta ko saman wardirof, ba a ƙasa ba. Duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda ruwa ke shigowa ɗaki cikin dare ba sallama. Bakin injin ma a goge shi, da tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle marar gashi aka jiƙa da IPA, bayan an cire shi daga wuta. In ba haka ba injin zai mayar wa kaset dattin da ka cire.

Daga cikin ashirin da biyun yayana, sha bakwai sun tashi da IPA da auduga kawai, biyu sai da aka buɗe aka bi su da kilina. Biyu daga masu ruwan ɗorawa ba su motsa ba. Na ƙarshen, wanda haƙoransa biyu suka yi kore, yana wurin Baba mai rediyo. Ya ce koren ya bi layin ya shiga cikin fanel, zai gwada tsallake wurin da siririyar waya idan ya sami sarari bayan sallar Juma'a.