Allon soson da na raina a Busua shi ya ɗauke ni

Wallahi ran farko da na shiga shagon hayar allon hawan igiyar ruwan nan na bakin teku a Busua ta ƙasar Ghana, can gaba da Takoradi, idona kan wani ɗan siriri mai ƙyalli ya sauka, ƙafa 6, hanci tsini kamar mashi. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa yace a'a ɗan uwa, wannan ba naka bane tukuna, ya jawo min wani ƙato ƙafa 8 na soso kamar katifar ɗan bodin. Raina ya ɗan sosu gaskiya.

To ashe mutumin ya san aikinsa. Zama yayi ya nuna min komai da hannu, cikin allon kumfa ce mara nauyi irin ta kular ƙanƙara, an ratsa siririn katako a tsakiya tun daga hanci har wutsiya, shine ƙashin bayansa, ba dan shi ba da igiyar ruwa ɗaya zata iya karya shi biyu. Wancan mai ƙyallin kuma faiba aka naɗe shi da ita aka shafe da ruwan gam ya daskare, in ya buge ka a goshi sai ɗinki, nawa ko sau biyu ya make ni a ka, dariya kawai nayi.

Abun da na fi ganewa a ruwa shine faɗi da kauri, su ke sa allo ya tashi da kai, kuma hancin nawa a ɗan ɗage yake shi yasa baya yawan cakar ruwa ya kifar da mutum. A ƙarƙashin wutsiya akwai fukafukai 3 kamar na kifi, su ke hana shi sulalewa gefe.

Inda zan yi ƙorafi, igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu, abin mannawarta ya tsufa, sau ɗaya ta kwance na bi allo har bakin yashi yara suna min ihu. Sannan soson yana gurje ciki da gwiwa, ku sa riga don Allah, ni ban sa ba na kwana ina juyi.

Kwana na 2 na miƙe tsaye, ko daƙiƙa 5 ban yi ba amma na miƙe. Tauraro 4 na basu, su canza igiyoyin nan in ƙara ɗayan.