Tsamiya, lemon tsami ko Brasso: wanne za ka saya don goge butar jan ƙarfe?

Kafin ka saya komai, kara maganaɗisu a jikin butar. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe, gurza mai ƙarfi za ta kwashe jan. Sannan leƙa cikinta. In fari ne tas, shafen kuza ne, ruwan ɗumi da sabulu kawai ake sa masa.

Baƙin da ke hawa jan ƙarfe iska ce da danshi suka haifar da shi, kuma abu mai tsami ne ke cinye shi. Don haka tsamiya ta fi komai dacewa da mu a Kano: ga araha a kasuwar Rimi, ga ta abin ci. Jiƙa cikin hannu ɗaya a rabin lita na ruwan ɗumi, dama ta yi kauri, zuba gishiri cokali 1. Shafa da tsumma, bari minti 10. Za ka ga baƙin yana bin tsumman, jan yana fitowa kamar sabon kwabo. Kaurinta ne ya sa take zama cikin zanen ado, inda ruwan lemon tsami ke zurarewa.

Lemon tsami ya fi sauri a ƙaramin kaya irin su ludayi da murfi. Raba shi biyu, dangwala a gishiri, goga. A babbar tukunya dai zai ci kuɗi.

Brasso, man goge ƙarfe na kanti, na ba da ƙyallin da tsamiya ba ta kai ba, amma a bayan buta kaɗai ake shafa shi. Kada ya taɓa inda shayi ko gahawa za su zauna. Hypo kuwa baƙi yake ƙara wa jan ƙarfe, soson ƙarfe kuma ya bar karce. Kanwa maiƙo take cirewa, ba baƙi ba.

Koren da ke fitowa a bakin buta da damina guba ne. A goge shi sarai kafin a sake dafa komai, kuma kada a kwanar da zoɓo ko kunun tsamiya a jan ƙarfen da ba shi da shafe.

Bayan gogewa, ɗauraye da sodar girki (baking soda) cokali 1 a lita 1, sake ɗaurayewa da ruwa zalla, tsane nan take. Ɗigon da aka bari ya bushe da kansa shi ke zama tabo washegari.